Wa ya tare mana iskar teku a Legas?

Duk wanda ya zauna a Legas ya san daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu barci sai da dabara. Rana ta faɗi tun wajen ƙarfe bakwai amma har ƙarfe ɗayan dare in ka dafa bangon ɗaki da ɗuminsa, fanka in akwai wuta iskar zafi kawai take juyawa, in babu wuta kuwa sai mafici ko kwalin taliya, yara duk ƙurajen zafi a wuya da gadon baya. Mu da muka taso a arewa abin yana ɗaure mana kai, don in ma'aunin zafi za a bi Legas ko ƙafar Kano ba ta kama ba balle Sakkwato ko Maiduguri. A nan da rana digiri 33 ko 34 ne, can kuwa a watan Afrilu 40 ba labari ba ne. Amma ka tambayi duk wanda ya sha zafin biyun, zai ce maka na can yana ƙona fata, na nan kuwa shaƙe mutum yake yi.

Abin da ya raba su laimar da ke cikin iska ce. Jikin ɗan Adam da gumi yake huce kansa, gumi ya tsattsafo, ya bushe, bushewar nan ita ke tafiya da zafin. Kaman randa ce: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, na cikin ya yi sanyi. A Kano iska busasshiya ce shi ya sa ruwan randa har haƙori yake kamawa, ka kawo randar nan Agege ka ga yadda za ta yi maka rowar sanyi, don iskar nan ta riga ta ƙoshi da ruwan teku da na lagun, ba ta da wurin karɓar wani. Haka jikinmu. Gumi ya fito ya rasa inda za shi, sai ya zauna a jikin riga. Abu ɗaya ne ke taimakonsa ya bushe, wato iska mai motsi, ko 'yar kaɗan ce. Iskar da ba ta wuce ta kaɗa labule ba tana iya sa jiki ya ji kaman an rage masa digiri biyu ko uku alhali ma'aunin bai motsa ba.

Toh akwai kason zafin da ba mu da iko da shi. A watan Fabrairun 2024, lokacin da ake buga kofin Afirka a Kwaddibuwa har ana tsayar da wasa 'yan ƙwallo su sha ruwa, an yi wani zafi a duk gaɓar tekun nan tamu, masana yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution suka lissafa suka ce zafin da jiki ke ji ya kai wajen 50, kuma sauyin yanayi na duniya shi ya ƙara kusan digiri 4 a kai. Wannan ba ni da kai za mu gyara shi a Agege ba. Amma akwai wani kason da mu muka gina shi da hannunmu, da bulo da siminti da kwano, a kansa nake son mu yi magana.

Don Legas fa tana da iska. Ka hau gadar Third Mainland da la'asar ka sauke gilashin mota ka ji. Yawancin shekara iskar daga kudu maso yamma take tasowa, daga teku, in ka cire ɗan lokacin hunturun da ta arewa ke leƙowa a Disamba da Janairu. Kyauta ce, ba mita ba bil. Tambayar ita ce ina take zuwa kafin ta iso Mushin da Idi-Araba da Agege, kuma in ta iso me ya sa take wucewa ta saman rufi ba ta sauko ɗaki ba?

Mutanen Hong Kong sun yi wa kansu wannan tambayar, amma sai da suka ji jiki tukuna. Garin mutum miliyan bakwai da rabi ne a matse tsakanin duwatsu da teku, daminarsu zafi da laima irin namu. Masu gine-gine suka riƙa jera dogayen benaye a bakin ruwa manne da juna don kowane gida ya hango teku a sayar da tsada, har mutanen gari suka riƙa kiransu gine-ginen katanga, don duk wanda ke bayansu ya yi sallama da iska. Sai ga cutar numfashi ta SARS a 2003, ta kashe mutum 299 a garin. A wani rukunin gidaje guda, Amoy Gardens, sama da mutum 300 suka kamu, kuma bincike ya nuna bututun ban-ɗaki da wani matsattsen rami da ke tsakanin gidajen, inda fankokin bayi ke zuba iskarsu, su suka riƙa raba cutar daga hawa zuwa hawa. Daga nan gwamnati ta sa wani malamin jami'a mai suna Edward Ng da tawagarsa su duba yadda iska ke yawo a garin, a 2006 aka fito da tsarin auna iska kafin gini. Manyan ayyukan gwamnati sai an yi ƙaramin samfurinsu an sa a ɗakin gwaji an busa masa iska, ko an gwada a kwamfuta, an ga nawa ne zai rage wa mai tafiya a ƙasa, ana aunawa a tsayin mita 2 wato inda hancin mutum yake, ba can saman bene ba.

A 2011 suka ƙara da wasu ƙa'idoji, kuma ni nan ne wayon ya burge ni. Gini in tsawonsa a kwance ya wuce mita 60 sai an bar masa kafofin da iska za ta ratsa, in titi bai kai faɗin mita 15 ba sai gini ya ja baya, babban fili kuma sai an bar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na shuke-shuke. Ba su tsaya roƙon masu kuɗi ba, ɗaure abin suka yi da aljihu: akwai rangwamen ƙarin faɗin gini da gwamnati ke bayarwa, in kana so sai ka cika waɗannan sharuɗɗan. Mai gini dai ko a ina yake yaren riba yake ji.

'Yan uwanmu masu zuwa sari Gwanzu ta Chaina kuma sun san wani abu da ƙila ba su taɓa ɗauka da muhimmanci ba. A tsofaffin titunan kasuwa na garin, bene na sama yana fitowa ya rufe hanyar ƙafa, ginshiƙai na riƙe da shi, shago na ciki, sai ka yi tafiya mai nisa kana duba kaya rana ba ta taɓa ka ba ruwan sama bai jiƙa ka ba. A Singafo doka ce tun tsarin gari na 1822, kowane shago ya bar baranda mai faɗin ƙafa biyar a gabansa ta haɗe da ta maƙwabci. Gidajen gwamnatinsu kuma da yawa hawan ƙasa ba ɗaki ko ɗaya, ginshiƙai ne kawai, iska na wucewa ta ƙarƙashi, tsofaffi na zama a nan, a nan ake biki a nan ake zaman makoki. Ka kwatanta da titunanmu, inda duk mai neman inuwa sai ƙarƙashin gada. Ka je Obalende ko Ojuelegba ko gadar Pen Cinema da azahar ka ga yadda masu shayi da masu gyaran takalmi da masu jiran mota suka cunkushe a wurin da ba don su aka gina ba. Inuwar da ta fi kowace amfani a garin nan bisa kuskure aka same ta.

Abin haushin shi ne ba sai mun je Chaina ba, Legas ta san wannan aikin da can. Ka shiga tsofaffin lungunan Isale Eko da Popo Aguda ka duba gidajen da 'yan komen Birazil suka gina, silin can sama, tagogi dogaye masu marfin katako mai tsaga-tsaga, masallacin Shitta-Bey na 1894 ma ginin wannan zamanin ne. Ka duba gine-ginen shekarun 1950 da 1960, irin ɗakin karatu na jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, bangonsa duk huji-huji ne kaman an saƙa shi, rana ba ta shiga iska na shiga. John Godwin da Gillian Hopwood sun yi shekaru suna irin wannan aikin a nan cikin Legas. Demas Nwoko kuwa, wanda aka karrama a Banis ta Italiya a 2023, ya gina cocin Dominican da ke Ibadan ta yadda zafi ke tashi ya fice ta sama ba tare da wata na'ura ba. Har gidajen da gwamna Jakande ya gina daga 1979 zuwa 1983, waɗanda don talaka aka yi su, a Abesan da Iponri da Amuwo-Odofin, an bar fili tsakanin bulok da bulok, kowane gida da taga gaba da baya. Yanzu ka je ka gani, da yawa daga filayen nan an cike su da kwantena da shaguna da ƙarin ɗaki.

Mu kuma ga abin da muke ginawa yau. Fuloti ɗaya, a cika shi baki da baki. Dokar jihar ta ce gidan zama ya bar mita 6 a gaba, mita 3 a gefe da baya, amma a unguwanninmu wani lokaci tsakanin gida da gida ko akuya sai ta karkace za ta wuce. Ɗakin da nake haya tagarsa kudu take kallo, shekarun baya da daddare har sai na ja mayafi wajen asuba. Aka sayar da gidan da ke bayanmu, sabon mai shi ya rushe ya tada bene hawa uku ya kawo bangonsa dab da katanga, ya jera bayan esi-esinsa suna kallon tagata. Ranar da muka yi masa magana ni da baba mai gidanmu, cewa ya yi filinsa ne da kuɗinsa ya saya, kuma wallahi ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, shi dai bai taɓa jin cewa iska ma abu ce da ake tare wa mutum ba. Ga shi kuwa malamanmu in suna lissafa haƙƙin maƙwabci suna kawowa cewa kada ka ɗaga gininka ka tare masa iska sai da izininsa. Mun haddace na kai masa miya da gaishe shi in ba lafiya, wannan ɗin ne ya sulluɓe mana.

Esi kuwa, a gane, zafin ɗakinka yake kwashewa ya zuba a waje, ya ƙara da na injinsa. In layi guda kowa ya kunna, ga janareto na ta huci a gefe, lungun gaba ɗaya sai ya ɗau ɗumi, wanda ba shi da esi ya sha na kowa, shi ma ya fara tara kuɗin saye, haka abin ke ta zagayawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, har masu esin ma sun koma kunnawa da lissafi. Gidan da aka gina shi da zaton na'ura za ta riƙa aiki dare da rana, ran da ta tsaya ba ya zaunuwa, don tagoginsa ma na ado ne.

Bari in tsaya kan taga ɗin nan, don ita ta fi ba ni haushi. Tagar luba ta da, mai yankakken gilashi jere-jere, in ka buɗe ta kusan duk faɗin ramin ne a buɗe, kuma ko ana ruwa kana iya karkata ta iska na shiga. Muka ce ta tsufa, ta 'yan ƙauye ce, muka koma tagar almini mai zugewa, wadda komai ƙoƙarinka rabi kawai take buɗewa don ɗaya gilashin dole ya hau kan ɗaya. Wato da kuɗinmu muka sayi rabin iska. A kai a ƙara raga, a ƙara ƙarfe, a ƙara labule mai kauri. Raga da ƙarfe dole ne, ba wanda zai ce ka bar wa sauro da ɓarawo hanya a Legas, amma tunda ka san za su rage iska ai sai ka faɗaɗa ramin tun daga wajen birkila. Sannan taga ɗaya ba ta shigo da iska, sai tana da mafita a wani bangon. Wannan shi ne ciwon gidajen hayarmu masu ɗakuna suna kallon juna da siririn lungu a tsakiya: kowane ɗaki taga ɗaya, ƙofa na buɗewa cikin lungun da ake girki a ciki, in dare ya yi a kulle ƙofar gaba da ta baya, shikenan gida ya toshe. Maganin ba tsada gare shi ba. Rami a saman kowace ƙofar ɗaki a sa masa raga, ƙofofin lungun biyu a yi su na ƙarfe mai sanduna maimakon falle rufaffe, layi ɗaya ko biyu na bulo mai huji can sama kusa da silin don zafi sama yake taruwa. Magina na da suna yin wannan ba sai an ce musu ba.

Wani dattijo a majalisarmu, mutumin Zariya, ya ce ai duk surutu ne, a koma ginin soro kawai a huta. Na ce Baba Allah ya ƙara girma, soro sarki ne amma a ƙasarsa. Katangar tubali mai kauri da rufin azara aikinsu shi ne su shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ya iso ciki dare ya yi, daren arewa kuma yana hucewa sosai ya wanke zafin, da safe a sake sabon lale. Shi ya sa zauren da Babban Gwani, shahararren maginin Zariya, da irinsa suka gina ke da sanyi da tsakar rana, kuma shi ya sa tagoginsa 'yan mitsi-mitsi ne, don iskar waje a lokacin wuta ce da ƙura. A Legas dare ba ya hucewa haka, 25 ko 26 yake tsayawa, bambancin rana da dare kaɗan ne, bango mai kauri in ya sha rana ba shi da lokacin da zai sauke, sai ya kwana yana maido maka. Nan gini mara nauyi ake so, a lulluɓe da inuwa, a buɗe ta ko'ina. Abin da za mu ɗauko daga gida shi ne tsakar gida da rumfa da dakalin ƙofa da bishiyar majalisa, su kam suna aiki ko'ina. Baba ya ce toh ai ka dawo maganata. Na ce na dawo rabi.

Rufi kuma, tunda Legas digiri shida da rabi kawai take arewa da tsakiyar duniya, rana ta tsakar ka take bi, rufi shi ke shan mafi yawan dukan. Yayin da ake yi yanzu na baƙin kwano mai tsakuwa, ko ruwan toka mai duhu, wallahi ban san wa ya kawo mana shi ba. Baƙin rufi da azahar yana haura digiri 60, fari kuwa yana mayar da yawancin hasken sama. A Ahmedabad ta Indiya zafin watan Mayun 2010 ya kashe sama da mutum 1,300, a 2013 garin ya fito da shirin yaƙi da zafi, cikin abubuwan da suka yi daga baya har da shafa farar ƙasa da farin fenti a rufin gidajen talakawa, ɗakuna suka riƙa sauka da digiri biyu zuwa biyar. A nan ruwan sama da gansakuka za su dusashe shi, sai an riƙa sabuntawa, amma duk da haka bokitin fenti bai kai kuɗin man janareto na wata biyu ba. Ɗaya yayin kuma shi ne a ɓoye rufi a bayan bango, gida ya fito kaman akwati. Kyau kam yana da kyau a hoto. Amma kwanon da ya zarce bango da mita ɗaya shi ke yi wa bango da taga inuwa, shi ke barin ka buɗe taga ana ruwa. Francis Kéré ɗan Burkina Faso, wanda ya ci babbar kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022, makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ce ta fara fito da shi a 2001, dabarar kuwa mai sauƙi: ya ɗaga kwano sama a kan sandunan ƙarfe ya raba shi da silin, iska na bi ta tsakani tana kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. Kafintocinmu na iya wannan, ko aƙalla su bar kafofi masu raga a cikin rufi maimakon su liƙe ko'ina da silin.

Ga wanda zai yi sabon gini can Agbado ko Sango ko Mowe inda 'yan uwa ke samun fili yanzu, in fulotin ya ba da dama a miƙar da gida daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, don waɗannan ɓangarorin ɗan leɓen rufi ya isa ya kare su. Bangon yamma shi ne mugun, ranar la'asar a kwance take zuwa ba rufin da ke tare ta, sai a ba shi bayi da sito da matakala, ko a dasa masa bishiya. Kada a sa ɗakin barci a can.

Sai tsakar gida. Mutum ya gama gini ya malale ko'ina da kankare ko intalok har bakin get, ko ciyawa ɗaya kada ta fito, ya zagaye da katanga mai tsayin mutum biyu. Kankaren nan yini yake yana shan rana, dare ya yi ya sake ta a gindin tagarka, katangar kuma ta hana iska sharewa. Kuma shi ne dai ke hana ƙasa shan ruwa in damina ta zo, duk ya kwarara kwata, kwata ta cika ta dawo ɗaki. Zafin Maris da ambaliyar Yuli uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, haka ma fadamu da dazukan bakin ruwa da aka cike da yashi a Lekki da Ajah. In dole sai an yi daɓe, a yi iya inda tayar mota ke bi, saura a bar shi ƙasa ko tsakuwa, saman katanga kuma a yi shi da ƙarfe ko bulo mai huji.

Bishiya ma ba kowace ba. Siririyar nan mai tsayi da ganyenta ke zubowa ƙasa, wadda ake jerawa a jikin katangar masu kuɗi, inuwarta ko kaza ba ta isa ba, haka kwakwar ado. Wadda ake so mai faɗin kai ce, a sassabe rassanta na ƙasa ta yadda inuwa na sama iska na wucewa ta gindi: mangwaro, dogon yaro, furut mai faffaɗan ganye. A Medellín ta Kolombiya daga 2016 sun bi tituna da magudanan ruwa 30 sun mayar da su layin bishiyoyi a haɗe da juna, garin ya ce zafi ya ragu da wajen digiri 2. A haɗe ɗin nan shi ne sirrin, don mai tafiya ya fita daga inuwa ya faɗa inuwa. Legas na da ranar dashen bishiya, 14 ga Yuli, tun zamanin Fashola, akwai hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta LASPARK, akwai wuraren shaƙatawa irin Freedom Park da aka yi a tsohon kurkukun Broad Street da na Alausa, ba laifi an yi ƙoƙari. Amma yawancin korayen wuraren suna inda masu esi suke. Ikoyi da GRA ta Ikeja na da tsofaffin bishiyoyi tun na Turawa, mu kuwa a layinmu in ka ga bishiya to a makabarta take ko a harabar makaranta.

Na san abin da wani zai ce, fili a Legas zinare ne, mai gida ba zai bar mita uku ba alhali ɗaki biyu za su fito a ciki, kuma shi ba a nan yake kwana ba, ɗan haya ke shan zafin. Gaskiya ne, kuma nan ne muka bambanta da Singafo inda gwamnati ce ta gina gidajen kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a, ita ke zane ita ke doka. A wurinmu sai dai a bi ta hanyar Hong Kong, a ce wa mai gini in ka bar wa iska hanya, ka bar baranda a gaban shaguna, ka dasa bishiya, za a ƙyale ka ka ƙara hawa ɗaya. Cunkoso ba shi ne laifin ba, gara a hau sama a bar tazara a ƙasa da a shimfiɗe ko'ina da ɗakuna manne da juna. Kasuwanni kuwa aikin hukuma ne kai tsaye. Firitawun ta Saliyo ta naɗa jami'a ta musamman kan zafi a 2021, Eugenia Kargbo, cikin ayyukan farko har da kafa wa mata 'yan kasuwa rumfuna masu mayar da zafin rana. Duk wanda ya ga masu sauke tumatir da albasa a Mile 12 da tsakar rana, ko 'yan raguna a Alaba Rago, ya san inda ya kamata a fara in za a yi irinsa a nan.

Inda mu kanmu muke da cikakken iko kuwa masallatanmu ne, kuma azumi a 'yan shekarun nan a tsakiyar zafi yake faɗowa, na 2024 a Maris ya kama, na 2025 ma haka. Duk kuɗin da aka tara sai a sa tayil har bango, a sa tagar almini, a rage tsayin silin, sannan a fara neman taimakon sayen esi da man tarawihi. Alhali alƙiblar Legas gabas ce ta ɗan karkata arewa, wato bayan masallaci yamma yake kallo ya ɗan karkata kudu, daidai inda iskar teku ke fitowa kuma daidai inda ranar la'asar ke duka. In aka yi wa bayan nan baranda mai zurfi da manyan ƙofofi masu sanduna, aka buɗe ƙananan tagogi a bangon gaba dama da hagun liman a daidai tsayin mai zaune, aka bar kafofi can sama, barandar ta tare rana, iska ta shigo ta bayan sahu ta ratsa jama'a ta fita ta gaba. Na kai wannan shawarar gaban kwamitin masallacin layinmu da ake shirin faɗaɗawa, ma'aji ya ce a kawo masa lissafin bulo da ƙarfe a rubuce a gwada da kuɗin esi huɗu kafin zama na gaba, birkilanmu ya ce zai auna bayan Juma'a.